Gurbin Sambo ɗan Rabi

Lahadi, 2 ga Yuni, 2024

Ba mu cika benci uku ba a sujada yau. 'Yan sanda biyu da aiki ya kawo Anka, malamar firamare, mai kemis da matarsa, sai tsofaffin da ba su da wani garin komawa. Tun rasuwar Baba Irimiya bara ba a turo mana fasto ba, kuma ban ga laifin wanda aka ce ya zo ya ƙi ba. Ni da nake dattijon ikilisiya kawai, ni ke tsayawa a gaba.

Na yi addu'ar rufewa yadda Baba yake yin ta. Tana cikin wayata, wani ya ɗauke ta a sujadarsa ta ƙarshe, na yi ta saurare har ta zauna mini: jan numfashi kafin "Ya Uba", saukar da murya wajen ambaton marasa lafiya, ɗan shirun nan kafin amin. Matar mai kemis ta ce in ta rufe ido sai ta ɗauka shi ne. Na ji daɗi. A nan dai zan iya faɗa.

Gida tsit. Na dafa taliya na ci a tukunya. Da matata Rifkatu na da rai da ta yi faɗa.

Laraba, 5 ga Yuni

Hamsatu, ma'aikaciyar jinya a ofishinmu, ta dawo daga Bukkuyum da saƙo. Ta ga Habila. Yana kwance a wata bukka bayan injin niƙa dutsen zinari, ciwon ƙirji ya cinye shi. Ya ce ta gaya wa Dattijo Filibus ya zo ya yi masa addu'a irin ta Baba.

Don in rubuta abin daidai. Habila magini ne, shi ya gina katangar cocinmu. Da aikin gini ya tsaya ya shiga haƙar zinari, ya riƙa kawo dutsen yana dakawa a tsakar gida. Aikina ke nan a ƙungiyar kiwon lafiya da ta ɗauke ni tun da na bar jarida: in bi gida-gida in ce kada a yi haka, ƙurar dutsen nan akwai dalma a cikinta, tana shiga jinin yara. Na je gidansa da hotuna. Na koma tare da Hamsatu. Na sake komawa ni kaɗai, a matsayin ɗan'uwa cikin ikilisiya. Kullum amsarsa, to Dattijo. Yarinyar tasa ta rasu ba ta cika shekara uku ba. Har yau in aka tashe ni daga barci zan faɗi adadin dalmar da aka samu a jininta.

Bayan jana'iza majalisar ikilisiya ta tambaye ni abin da na sani. Na faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Baba a lokacin ya riga ya kwanta ciwon ajali. Matar Habila ta koma gidansu Zuru, shi kuma ya daina zuwa. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya neme shi.

Na ce wa Hamsatu zan duba. Ta ce, "Mi za ka duba, Dattijo?" Na ce hanya.

Alhamis, 6 ga Yuni

Hanyar Bukkuyum ba ta da kyau a kwanakin nan. Wannan gaskiya ce, kowa ya sani.

Juma'a, 7 ga Yuni, Gummi

Bikin ƙanen Hamsatu. Mun wuce mararrabar Bukkuyum da hantsi, direba bai rage gudu ba. Rabin hanyar da na ce ba ta da kyau na bi yau don cin shinkafar biki. Na lura da haka.

Da la'asar aka kawo mawaƙi. Junaidu, mai facin taya a tasha, bai kai arba'in ba. Ba shi da waƙa tasa ko ɗaya. Waƙoƙin marigayi Tsoho mai gangar noma yake yi, wanda ya rasu tun Junaidu yana yaro. Na san muryar Tsoho a rediyo tun ina Kaduna, don haka ina da abin da zan gwada da shi. Ba kwaikwayon ban dariya ba ne. Hula a karkace, kafaɗa ɗaya a sauke, tari a daidai inda Tsoho ya yi tari a kaset. A waƙar da ake kira ta Sambo har haki yake yi, yana tsaye wuri ɗaya gaban lasifika, kamar wanda ya sha tafiya.

Sambo ɗan Rabi, sara guda, ƙara guda,
ga kuka can tana jiranmu.

Wani dattijo kusa da ni ya share ido da hannun riga. "Shi na, wallahi," in ji shi. "Tsoho ya dawo."

Asabar, 8 ga Yuni

Tsohon hali. Kafin motarmu ta tashi na nemi Junaidu a rumfarsa, na yi masa tambayoyi kamar ina da jaridar da zan kai wa.

Duk kaset ɗin Tsoho da ya saura a gari ya tattara, ya sa aka juye masa a waya. Yana faci yana saurare. Ya ce abin da ya fi ba shi wuya da fari muryarsa ce. "Tawa sama taka tashi, Malam. Sai da nik kashe ta." Na ce ba ya sha'awar yin tasa waƙar? Ya yi dariya. "In yi tawa in kai ma wa? Ni rediyo nike. In an kunna ni a ji shi."

Na tambaye shi wane ne Sambo ɗan Rabi. Ya ce wani barden noma ne na da, ai Tsoho ba ya waƙar ƙananan mutane.

A mota na yi ta juya abin. Shekara da shekaru muna cewa a yi koyi da Almasihu, ba mu taɓa zuwa mun ga yadda mai koyi na gaske yake aikinsa ba. Ga shi a tashar Gummi da gam a yatsu. Saurare kullum. Kashe muryarka. A kunna ka a ji wani. Wa'azi ne ya zo a shirye, har da inda zan ja numfashi.

Litinin, 17 ga Yuni

Washegarin Babbar Sallah. Maƙwabcina Malam Lukman ya aiko da nama, ya fi ƙarfin mutum ɗaya. 'Yata Saraya ta kira daga Kaduna, zancen dai shi ne: Baba ka dawo kusa da mu, me kake tsare a can. Na ce aiki.

Na soya naman sosai yadda zai daɗe. Na rasa wanda zan ɗiba wa, kowa a unguwa yana da nama yau. Na tuna mutum ɗaya da ba shi da shi. Na rufe kwanon na ajiye.

Lahadi, 23 ga Yuni

Na yi wa'azin. Na ba su labarin Junaidu, da hular da tarin. Wani dattijo ya ɗan ɓata rai da jin an kawo makaɗi cikin sujada, amma ya saki. Na ce mu ma muna da abin da aka ɗauka aka bar mana: yadda Ubangiji ya taɓa kuturu, yadda ya ci abinci gidan mai karɓar haraji, yadda ya tsaya da matar nan a bakin rijiya. Na ce mu saurara har muryarmu ta mutu, duk wanda ya ji mu ya ji shi.

Malamar firamare ta rubuta. Kofur, ɗaya daga cikin 'yan sandan, ya ce rabonsa da jin irin wannan tun yana Jos. Wa'azi ne mai kyau, ba na shakka. Ginin jumlolinsa daidai ne.

Na dawo na zauna a ƙofa har ruwa ya sauko.

Laraba, 26 ga Yuni

Hamsatu ta ce yanzu Habila jini yake tofarwa. Ya sake tambaya.

"Na ce mai, aiki ya yi maka yawa. Ya ce ai ya sani."

Ta ce motar ofis tana zuwa duk Laraba, kujerar gaba ba kowa. Na ce ni ba fasto ba ne, ba a naɗa ni ba. Ta ce, "Ni ban san tsarinku ba, Dattijo. Mu nan in mutum ya kwanta zuwa ake yi."

Abin da ban gaya mata ba: ban san me zan ce masa ba. Zai tambaye ni ko laifinsa ne. In na ce a'a na yi ƙarya. In na ce e, ya riga ya sani, kuma ba don wannan ake shiga mota ba. Shekarun jarida sun koya mini kada in faɗi jumlar da ba zan iya karewa ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Ba wuta tun shekaranjiya. Na karanta abin da na riga na karanta.

Talata, 2 ga Yuli

Ina zaune a ƙofar asibiti ina sauraren waƙar Sambo, wadda Junaidu ya turo mini. Tsohuwar da ke sayar da daddawa da ƙuli a wurin, wadda nake wucewa kullum da sannu kawai, ta ce, "Ɗan nan, rage muryar maigidana."

Marka sunanta. Matar Tsoho ce. Tashin hankali ya koro su daga ƙauye, tana zaune wurin ɗanta Nazir a bayan kasuwa. Na ce mata ba Tsoho ba ne, wani ne a Gummi. Ta karɓi wayar ta kanga a kunne, ta daɗe, har wata mai sayen daddawa ta gaji ta tafi.

"Kawo min shi in gani."

Na kira Junaidu. Na gaya masa matar Tsoho tana son ganinsa. Ya ce wace rana.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ya zo da ganga da hular, da goro da turmin atamfa. Ya durƙusa tun daga bakin zaure. "Inna, ina wuni." Ta amsa tana dubansa daga sama zuwa ƙasa, ta ce ya tashi ya yi abin da ya kawo shi. Matan gida suka cika ƙofar ɗaki.

Waƙa ta fari ta saurara da ido a rufe. Da ya zo wajen tarin ta buɗe ido ta fashe da dariya. "Har da wanga? Ranar da anka ɗauki waƙar nan mura garai." Junaidu ya yi murmushin dole ya ci gaba.

Sai ya shiga ta Sambo, da hakin da komai. Bai yi nisa ba ta ɗaga hannu. Ganga ta tsaya.

"Sambo na nan?"

"Wane Sambo, Inna?"

"Wanda kaka kira."

Ya ce ai barden noma ne na zamanin da.

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, Nazir ma ya sunkuyar da kai yana dariya. "Barde? Sambo ɗan Rabi? Kurkunu ya ci mai ƙafa, kuyya guda bai kai ta sai ya zauna."

Ga abin da ta bayyana, na rubuta yadda na fahimta. A gayya makaɗa gaba suke bi, bayan wanda ya fi kowa sauri, don shi ake kallo. Tsoho ma yana yin haka da safe. Amma wannan waƙa ɗaya ba ta gaba ba ce. In rana ta take sai ya duba kuyyoyin gero, wato kunyoyin, ya ga wanda aka bari a baya, ya bar taron ya koma can, ya bi shi da ganga sara bayan sara, ya sa sunansa da na innarsa a waƙar har ya kai bakin gona. Hakin na tafiya cikin laka ne da ganga a kafaɗa. Ranar da mutanen rediyo suka zo da na'urarsu, Sambo ne a baya. Washegari wani ne.

"Waƙar ba ta Sambo ba ta, ɗan nan. Gurbi na. Wanda ab baya shi ka shiga. Sambo ya riga Tsoho tahiya, kai ko kana ta kiran mamaci gidajen biki."

Junaidu ya daɗe yana duban gangarsa. Sannan a hankali, "To muryar fa, Inna?"

"Murya ta yi. Har ta hi tashi kyau."

Ina jin wannan ya fi sauran yi masa ciwo.

Ta ce Nazir ya kira gayya Asabar ta sama a gonar bayan gari, tunda gonakin nesa ba sa zuwuwa. "Zo ka yi ta inda akan yi ta."

Na raka shi tasha. Da ya sa ƙafa a mota ya ce, "Rabin rayuwata, Malam." Wa'azina na watan jiya ma ya shiga motar tare da shi, amma ban gaya masa wannan ba.

Na ga inda misalin yake nufa. Ya zo da sauƙi da yawa, shi ya sa ban amince da shi ba. A ɗakin labarai in rahoto ya zo a gyare haka, sake bincikarsa muke yi.

Lahadi, 14 ga Yuli

Yau na saurari kaina ina addu'ar rufewa. Sunayen marasa lafiya, yadda suke a wayar. Ƙafar Mama Ladi: ta warke tun bara, tana zaune a benci na biyu tana cewa amin. Saja Bulus: an yi masa canjin aiki zuwa Gusau. Baba Ayuba: mun binne shi da Kirsimeti, ni na karanta nassin. Wata da watanni ina roƙa masa sauƙi, ba wanda ya gyara mini. Ina ga Baba Irimiya suke ji, ba sunayen ba.

Kuturun, mai karɓar harajin, matar bakin rijiyar. Su ne a baya ranar da aka ɗauka.

Na so in soke wannan layin. Na bar shi.

Laraba, 17 ga Yuli

Mota ta tafi ba ni. Rahoton wata. Da Hamsatu ta dawo ban tambaye ta Habila ba. Da za a tashi na tambaya. Yana nan.

Asabar, 20 ga Yuli

Gayya. Mutum ashirin da wani abu, gero ya kai gwiwa, ƙasa a jiƙe da ruwan jiya. An sa biyu a kan tudu suna duban daji, haka ake noma yanzu. Marka da mata a gindin tsamiya da ƙwaryoyin fura. Ni a gefe da takalmin ofis, ba amfanin da nake yi wa kowa.

Da safe Junaidu ya yi waƙoƙin gaba, ya yi kyau, samari suka yi ta ihu suna rige-rige. Da rana ta take na ga yana waige-waige. Na baya ba ɓoyayye ba ne: wani Bafulatani mai furfura, an kwashe masa shanu bara, yanzu yake koyon riƙe hauya. An ba shi ratar rabin gona.

Junaidu ya tuɓe takalmi ya nufe shi. Matsalar fari, bai san sunansa ba. Sai ga shi a tsakiyar gona ya sunkuya, "Baffa, mi sunanka?" Shafi'u. "Na innarka fa?" Mutumin ya kau da kai. Ba zai faɗi sunan mahaifiyarsa a bainar jama'a ba, kuma Junaidu ya kamata ya san haka. Wata tsohuwa ce ta ƙwala daga gindin tsamiya: Hamida.

Matsala ta biyu, Shafi'u ɗan Hamida ya fi Sambo ɗan Rabi tsawo, bai shiga kiɗan ba. Ya gwada ya yi tuntuɓe, ya sake gwadawa. Hular ta faɗi cikin laka. Shafi'u ya ce masa, "Kai, bar ni da abin da ad dame ni," don duk gona ta juyo tana kallonsa, kuma ba wanda yake so a nuna shi a baya. Junaidu bai tafi ba. Can haki na gaske ya kama shi, muryar Tsoho ta kuɓuce, wata siririya ta fito daga sama, wadda ya ce ya kashe. Samari suka yi ta tsiya. "Ina Tsoho yat tahi?" "A mai da mai kaset nai."

Ban san daidai lokacin da hauyar Shafi'u ta fara sauka tare da ganga ba. Na dai lura ta fara. Sara guda, ƙara guda. Babu bishiyar kuka a gonar Nazir. Junaidu ya ambace ta sau da yawa kafin ya ɗaga kai ya ga tsamiya ce, ya canja.

Sun iso bakin gona sauran sun kusa shanye fura. Ba wanda ya yi masa kari. Shafi'u ya zauna nesa kaɗan bai dube shi ba. Marka ba ta yabe shi ba, ta miƙa masa ludayi ta ce, "Sha, makaɗi."

Bai yi kama da Tsoho ba ko kaɗan. Na rubuta don haka abin yake.

Lahadi, 21 ga Yuli

Na iso wajen sunayen na tsaya. Shirun ya yi tsawo, na ji benci yana motsi. Na ce amin. Matar mai kemis ta tambaya ko jikin ne.

Laraba, 24 ga Yuli, Bukkuyum

Na shiga motar. Hamsatu ta koma kujerar baya ba tare da ta dube ni ba. Hanya lafiya, shingen sojoji da na 'yan sa-kai, sai gonakin da aka bari ciyawa ta ci.

Ƙarar injin tun daga nesa. Ƙurar tana kan komai, ganye, rufi, gashin jaki. Ƙa'idata a irin waɗannan wurare, wadda nake koya wa wasu: ba na zama a ƙasa, ba na taɓa shimfiɗa, ina da takalmin da nake canjawa. Bukkar ba kujera.

Da ban san shi ba ne da ban gane shi ba. Hannayen da suka ɗora mana katanga. Wani abokin haƙarsa, Usama, shi ke kawo masa koko safe da yamma, ya ce kwana biyu ko wannan ba ya shanyewa.

"Dattijo. Ka zo."

"Aiki ya kawo mu."

"To, madalla da aiki."

Na tsaya a kansa kamar mai duba gini. Wuyansa ya gaji da ɗagowa, na gani. Na zauna a tabarmar.

Na fito da naman sallah, ya yi tauri kamar itace. Ba zai iya taunawa ba, ya sa ɗan tsoka a baki yana tsotsa. Ya ce na Malam Lukman ne ko, ya gane yajin. Ya tambayi katanga, ko ta tsage ta wajen gabas. Na ce ta tsage. Ya ce ya gaya wa Baba siminti bai isa ba.

Sai ya ce in yi. Na ja numfashi, na ce "Ya Uba", muryar Baba ta zo yadda ta saba. Na iso wajen sunaye na ce Habila. Ya kama wuyan hannuna.

"Sa ta ciki."

Na dube shi.

"Tun da anka rufe ta ba wanda yak kira sunanta gabana. Kowa yarinyar, yarinyar."

Mu ba ma roƙa wa matattu, na san wannan, Baba ma ba zai yi ba. Kuma babu wani abu a wayar da ya dace da nan. Na ce, mun gode maka domin Tabita. Muryar da ta fito tawa ce, busasshiya, ta mai karanta sanarwa. Ban san abin da zai biyo baya ba, sai na ji na ce, wadda ta ƙwace mini biro ranar da na zo da hotuna, ta ƙi bayarwa. Ban san na riƙe wannan ba. Habila ya yi dariya, dariyar ta koma tari, na riƙe masa kwanon har ya lafa. Sauran addu'ar ba ta da tsari. Na maimaita kaina, wata jumla ban ƙarasa ta ba.

Tambayar da na yi makonni ina tsoro bai yi ta ba.

Da Hamsatu ta leƙo ta ce lokaci ya yi, bai saki hannuna nan da nan ba. A mota ta miƙo mini ruwa da sabulu.

Lahadi, 28 ga Yuli

Na bar ƙafar Mama Ladi ta huta. Na ce Habila, magini, yana kwance a Bukkuyum. Kawuna suka ɗago. Bayan sujada ba wanda ya ce komai a kan Baba. Kofur ya gaishe ni ya wuce.

Mama Ladi ta biyo ni da ƙullin garin kunu. "In za ka koma." Na ce ban ce zan koma ba. Ta ce to, ajiye dai.

Wandon da na zauna da shi na wanke shi daban, yadda muke koyarwa. Junaidu ya kira, an neme shi wata gayya a wajen Gummi, yana tambaya ko na san yadda ake tambayar mutum sunan innarsa ba a ɓata masa rai ba. Na ce ban sani ba, ya tambayi tsofaffin mata tun kafin a fara. Saraya ma ta kira. Na ce ba wannan watan ba.

Na duba shafukan baya. Ban taɓa rubuta Tabita ba kafin Laraba.

Garin kunun yana bakin ƙofa kusa da takalmin Bukkuyum. Akwai aikin ofis a can ko da ma.